Sukarin da aka gano a gefen jaririn tauraro IRAS 16293-2422, daga ina ya fito?

Akwai wani tauraro da na daɗe ina bin labarinsa, kuma ko suna mai daɗin kira bai samu ba, lamba ce kawai, IRAS 16293-2422. IRAS ɗin sunan wani tauraron ɗan adam ne da Amurka da Holan da Birtaniya suka haɗu suka harba a 1983, ya yi wata goma yana zagaya yana ɗaukar hoton sama da hasken infared, wato hasken zafi wanda idonmu baya gani, toh a cikin jerin abubuwan da ya tattaro ne wannan ya faɗo. Lambobin kuma adireshinsa ne a sararin sama, suna nuna inda za ka saita na'ura ka same shi. Yana cikin gajimaren ƙura da gas na Rho Ophiuchi, nisansa daga nan tafiyar haske ta shekara 400 da wani abu, wanda a lissafin taurari maƙwabci ne na kusa sosai.

Idan ka saita teleskop na ido a wurin ba abin da za ka gani sai duhu, saboda ƙurar da ta lulluɓe shi ta yi kauri. Kuma ma dai bai gama zama tauraro ba, jariri ne, bai fara ƙona haidirojin a cikinsa ba yadda rana take yi, zafin da yake fitarwa na kayan da ke ruftowa kansa ne. Ana ƙiyasta shekarunsa ba su wuce dubu 100 ba, ka kwatanta da ranarmu mai shekara biliyan 4.6. Sannan ba guda ɗaya ba ne, da farko an san shi a matsayin biyu, A da B, tsakaninsu ya kai kusan sau 700 na nisan duniya zuwa rana, daga baya kuma a 2020 aka tabbatar shi kansa A ɗin tagwaye ne masu zagaya juna. Abin da ya sa masana suka maƙale masa shi ne nauyin jariran nan bai yi nisa da na rana ba, don haka kallonsu kamar kallon yadda gidanmu yake ne tun kafin a gina shi.

Toh a watan Agusta 2012 labari ya fito cewa wata tawaga ƙarƙashin Jes Jørgensen na Cibiyar Niels Bohr da ke Kofanhegan ta gano sukari a jikin gas ɗin da ke kewaye da wannan jariri. Sunan sinadarin gilaikolaldehaid, atam takwas ne kacal a jikinsa, kabon biyu, haidirojin huɗu, oksijin biyu. Shi ne mafi ƙanƙanta a dangin sukari, wasu masana kemistiri ma suna cewa bai cika sukari ba sai dai ɗan uwan sukari, kuma suna da gaskiyarsu. Amma darajarsa tana nan, domin tun 1861 wani masani ɗan Rasha, Butlerov, ya gano hanyar da fomaldehaid, wani ƙaramin sinadari mai kabon ɗaya, ke haɗuwa da juna har ya zama sukari, kuma gilaikolaldehaid shi ne matakalar farko a wannan hanya, in aka ci gaba da hawa ana iya kaiwa ga raibos, sukarin da ke riƙe da ƙashin bayan RNA, sinadarin da ke ɗaukar saƙon gado, a jikin kowane mai rai. Ba wannan ne karon farko da aka gan shi a sama ba, a 2000 an gan shi a wani ƙaton gajimare mai suna Sagittarius B2 kusa da tsakiyar tarin taurarinmu, sai dai can wuri ne na manyan taurari masu tsananin zafi. Na 2012 shi ne na farko a gefen tauraro irin rana, kuma a kusa da shi, tazarar da ba ta wuce kamar ta Yuranus da rana ba, wato daidai filin da duniyoyi za su zo su samu.

Nasan tambayar da za ta zo wa mutum, wai ta yaya za a ce an ga sukari a wurin da ko haske sai ya yi shekara 400 kafin ya iso? Amsar tana da sauƙi in an bi ta a hankali. Kowane molakul, wato 'yan atam da suka haɗu suka zama abu ɗaya, da ke yawo a cikin gas juyawa yake yi kamar katantanwa, kuma ba ya juyawa yadda ya ga dama, yana da matakan gudu ƙayyadaddu, duk sanda ya sauko daga wani mataki zuwa na ƙasa sai ya saki ɗan haske a wani zango na musamman, irin zangon rediyo mai tsawon milimita ɗaya ko ƙasa da haka. Siffar molakul da nauyin atam ɗinsa su ke yanke waɗanne zango zai fitar, shi ya sa ya zama tamkar zanen yatsa, babu biyu masu iri ɗaya. Sai a auna wannan zanen a ɗakin gwaji a nan duniya, a ajiye, sannan a je a nema a hasken da ya zo daga sama. Tawagar Jørgensen layi 13 suka samu na gilaikolaldehaid, wato zango 13 daga cikin zanen yatsansa, shida a wajen gigahaz 220 (ma'aunin zangon rediyo ke nan), bakwai a wajen 690, kuma ƙarfin layukan ya yi daidai da gas mai zafin digiri 200 zuwa 300 a ma'aunin Kelbin, wanda ke fara ƙirga daga ƙarshen sanyi. Wasu daga cikin layukan ma sun ɗan goce zuwa gefen da ke nuna gas ɗin tafiya yake yi, yana gangarawa wajen tauraron B.

Na'urar da ta yi wannan aiki ita ce ALMA, tarin faifan rediyo 66 a kan tudun Chajnantor cikin hamadar Atakama ta ƙasar Cile, tsayin mita 5000 sama da teku, an kai ta can ne saboda tururin ruwa da ke cikin iska yana shanye irin wannan haske, can kuwa iskar a bushe take ƙayau. Abin da ke burge ni shi ne a lokacin ko gama gina ta ba a yi ba, sai Maris 2013 aka buɗe ta a hukumance, bayanan gwaji ne kawai da aka ɗauka da kaɗan daga cikin faifan don a ga ko komai na aiki, a ciki aka tsinci sukarin.

Amma fa labarin ya girmi ALMA. A 2003 Stéphanie Cazaux da abokan aikinta sun kalli wannan jariri da faifan IRAM mai faɗin mita 30 da ke kan dutse a kudancin Sifen, suka ga metil fomet da daimetil ita da asetaldehaid da wasunsu, abubuwan da a da ake ɗauka sai a gefen manyan taurari ake samu. Daga nan Cecilia Ceccarelli ta Girenobul da mutanenta suka raɗa wa irin wannan wuri suna "hot corino", ma'ana ƙaramar cibiya mai zafi, wato ɗan yankin da ke dab da jaririn tauraro inda zafi ya haura Kelbin 100. Kar kalmar zafi ta ruɗe ka, Kelbin 100 digiri 173 ne ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyas, amma a sararin da kusan babu iska wannan ya isa ƙanƙarar ruwa ta tashi ta zama gas kai tsaye ba tare da ta narke ba. Haka kuma idan masana taurari suka ce molakul mai sarƙaƙiya, suna nufin duk wanda ya kai atam shida kuma da kabon a ciki, ma'aunin da Eric Herbst da Ewine van Dishoeck suka yi amfani da shi a 2009, don haka metanol mai atam shida shi ne a bakin ƙofa.

Bayan 2012 sai Jørgensen ya jagoranci wani bincike na musamman a kan wannan tauraro ɗaya, sunansa PILS, suka share zango daga gigahaz 329 zuwa 363 ba tsallake, sakamakon farko ya fito a 2016, layi sama da dubu 10. Kuma a nan akwai wani sa'a da ba kowa ke lura da shi ba, kusan duk manyan ganowar a jikin B aka yi su, A kuwa duk da ya fi haske bai ba da haɗin kai ba. Dalili kuwa, faifan gas ɗin A a karkace muke ganinsa, wani ɓangare na tahowa wajenmu wani na tafiya, sai layukan su yi faɗi su hau kan juna su cakuɗe, shi kuwa B fuskarsa yake ba mu kusan kai tsaye, layukansa siri-siri ne, bambancin gudun gas ɗin da ke faɗaɗa su kamar kilomita ɗaya ne a daƙiƙa, kowanne a tsaye shi kaɗai ana iya karanta shi. Ko a B ɗin ma ba tsakiya suke kallo ba, suna ɗan matsawa gefe ne domin a tsakiya ƙurar ta yi kaurin da take toshe hasken. Daga wannan ɗan gefen aka fito da etilin gilaikol, da asiton, da furofanal, da asetik asid, da fomamaid, da sayanamaid, a 2017 metil aisosayanet, wanda shi ne gubar da ta kashe dubban mutane a Bhopal ta Indiya a 1984 amma kuma yana ɗauke da irin haɗin kabon da naitirojin da oksijin da ke kama da ɗaurin da ke haɗa furotin, a 2019 kuma gilaikolonaitiril wanda ake ganin yana kan hanyar zuwa adenin, ɗaya daga cikin tubalan RNA.

Yanzu ga ainihin tambayar da ta sa na zauna rubuta wannan. Jaririn nan ne ya dafa sinadaran da zafinsa, ko kuwa ya tarar da su ne?

Tunanin farko a shekarun baya shi ne zafi ya tashi ƙanƙara, ƙananan molakul su fito cikin gas, su yi ta karo da juna su haɗa manya. Sai gwaje-gwaje da lissafi a farkon shekarun 2000 suka nuna wasu daga cikin hanyoyin da aka dogara da su a gas ba sa bayar da abin kirki, musamman na metanol da metil fomet. Toh sai hankali ya koma kan ƙura. Ƙwayar ƙurar sararin sama ƙarama ce ƙwarai, ba ta kai maikiron ɗaya ba, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita, ta fi kama da hayaƙi, kuma a cikin gajimare mai duhu kafin a haifi tauraro sanyi yana sauka har Kelbin 10, wato digiri 263 ƙasa da sifili. A wannan sanyin duk abin da ya taɓa ƙura mannewa yake yi, da farko ƙanƙarar ruwa ta taru, daga baya kabon monoksaid ya daskare a samanta. Haidirojin ne kaɗai mai sauƙin da zai iya yawo a kan wannan ƙanƙara, sai ya riƙa bi yana manne wa kabon monoksaid ɗaya bayan ɗaya, CO, wato kabon monoksaid ɗin, ya zama HCO, a na biyu ya zama fomaldehaid, ya ƙara na uku, a na huɗu ya zama metanol. Wannan ba hasashe ba ne kawai, Naoki Watanabe da Akira Kouchi na Jami'ar Hokkaido a Japan sun yi shi a ɗakin gwaji a 2002, suka daskarar da CO a Kelbin 10 suka yi masa feshin haidirojin, metanol ya fito.

Abin daɗin yana cikin matakan tsakiya, waɗanda ba su kammala ba, masu hannu a buɗe suna neman abin kamawa. Idan HCO ya haɗu da CH2OH ka samu gilaikolaldehaid. Idan da CH3O ya haɗu ka samu metil fomet, atam ɗinsu iri ɗaya ne sak, jerin ne ya bambanta. Idan CH2OH biyu suka haɗu ka samu etilin gilaikol. Duka ukun kuma ga su nan a gefen B tare, wanda shi ma wata shaida ce. A 2006 Robin Garrod da Herbst sun kawo bayanin cewa wannan haɗuwar tana faruwa ne sanda jariri ya fara ɗumama ƙanƙarar zuwa Kelbin 20 zuwa 40, lokacin guntayen za su iya rarrafawa su sami juna. Bayani ne mai kyau kuma ya daɗe yana jan ragama, sai a 2012 ɗin nan dai Aurore Bacmann ta ga metil fomet da daimetil ita a L1689B, wata dunƙulen gas mai sanyi a cikin wannan gajimaren na Ophiuchus wadda ko tauraro babu a cikinta, ba abin da ya taɓa ɗumama ta. Bayan haka masu gwaji a Laidin ta Holan suka nuna a 2015 da 2016 cewa in guntayen suka samu kusa da juna a cikin ƙanƙarar CO, suna kama juna nan take a Kelbin 15, gilaikolaldehaid ya fito ba tare da ɗumi ko haske ba.

Ni dai shaidar da ta fi gamsar da ni ita ce ta diyuteriyom, kuma ina so a tsaya a fahimce ta don tana da kyau wallahi. Diyuteriyom haidirojin ne mai nauyi, yana da nutiron ɗaya ƙari, kuma a sararin sama yana da ƙaranci, kamar ɗaya cikin dubu 50 na haidirojin. Amma a tsananin sanyi akwai wata musaya da ke tafiya hanya ɗaya kawai, H3+, wato atam uku na haidirojin a haɗe masu caji, ya haɗu da HD, wato haidirojin da diyuteriyom a haɗe, ya karɓe diyuteriyom ɗin, komawa baya kuma yana buƙatar ɗan zafin da babu shi, ga CO da ya saba lalata waɗannan ya riga ya daskare ya bar fili, don haka diyuteriyom sai ya yi ta taruwa yana shiga duk abin da ake ginawa a kan ƙura a lokacin. Ma'ana molakul ɗin da aka gina a sanyi yana ɗauke da tambarin sanyi a jikinsa, ko daga baya ya shiga zafi tambarin yana nan. To a IRAS 16293 Bérengère Parise ta ga metanol mai diyuteriyom biyu a 2002, a 2004 ta ga mai uku, abin da in da a ce cakuɗa ce ta hakanan ko kusa ba za a taɓa iya ganinsa ba. PILS kuma ya auna na manyan molakul ɗin ya samu kashi 2 zuwa 8 cikin ɗari, gilaikolaldehaid wajen kashi 5, wato ninki dubu ko fiye na abin da ya kamata. Gas ɗin yana Kelbin 200 zuwa 300 amma tambarin jikinsa na Kelbin 10 zuwa 20 ne. Ni a wurina wannan ya nuna kayan, ko aƙalla tubalan da aka gina su da su, sun riga tauraron zuwa, shi zafinsa buɗe rumbun kawai ya yi muka gani.

Gaskiya dai ba kowa ya sallama duka ba, Nadia Balucani ta Jami'ar Perugia da Ceccarelli da ɗalibansu sun nuna da lissafi cewa wasu, kamar fomamaid da asetaldehaid, har ma gilaikolaldehaid ɗin daga etanol, ana iya ƙarasa su a cikin gas bayan ƙanƙara ta saki iyayensu, kuma ban ga dalilin raina wannan aiki ba, don ba dole ba ne duk molakul su bi hanya ɗaya. Matsalar da ta hana raba gardama ita ce ALMA gas take gani, ba ta ganin abin da ke daskare. Sai teleskop ɗin James Webb da aka harba ranar 25 ga Disamba 2021 ya zo da nasa, a Maris 2024 tawagar Will Rocha ta Laidin ta sanar da ganin etanol da asetaldehaid da metil fomet, da alamar asetik asid, a cikin ƙanƙarar kanta tun ba ta tashi ba. Wasu jarirai ne daban aka kalla, NGC 1333 IRAS 2A wanda shi ma irin rana ne da IRAS 23385 mai nauyi, amma darasin ya shafi namu kai tsaye, don ya tabbatar ƙanƙara tana ɗauke da manyan molakul ɗin da kansu.

Saura tambaya ta biyu, kayan nan suna tsira har su shiga duniyoyi? A nan ne tauraro mai wutsiya 67P ya shigo. Kumbon Rosetta na hukumar sararin samaniyar Turai ya isa wurinsa a Agusta 2014 ya zauna tare da shi har Satumba 2016, na'urar ROSINA da Kathrin Altwegg ta Jami'ar Bern ke jagoranta tana ta shaƙar gas ɗin da yake fitarwa tana aunawa. Irin waɗannan dunƙulen ƙanƙara ragowar ginin gidan rana ne da suka zauna a sanyi tun farko. A 2019 Maria Drozdovskaya ta ɗauki jerin ROSINA ta ajiye kusa da jerin PILS, sai ga yawan sinadaran masu kabon da oksijin, da masu naitirojin, da masu sulfa, yana tafiya tare a wuraren biyu, wanda ya yi yawa can ya yi yawa nan. Tauraro ɗaya da mai wutsiya ɗaya ne aka kwatanta, don haka ban ɗauke shi hukuncin ƙarshe ba, amma a ce jaririn da ke nisan shekara 400 na haske da dunƙulen da ya shekara biliyan 4.6 a gidanmu su yi kama haka, abin a tsaya a duba ne da kyau.

Akwai kuma wani sinadari da aka gani a wuraren biyu a 2017 wanda nake ganin ya kamata duk mai ɗokin labarin halittu a wata duniya ya riƙe shi, metil kulorayid. A duniyarmu yawancinsa halittu ne ke fitar da shi, tsirrai da funfuna da na cikin teku, sai masana'antu, har wasu masana sun ba da shawarar in aka gan shi a iskar wata duniya a ɗauke shi alamar rai. Sai Edith Fayolle da abokan aikinta suka same shi a gefen IRAS 16293, wurin da ko duniya ɗaya ba a gama haɗawa ba balle mai rai, suka kuma same shi a 67P. Shi ya sa raina ke ɓaci idan na ga an juya labarin sukarin nan an ce an gano rai a sama, domin tsakanin molakul mai atam takwas da ƙwayar halitta guda ɗaya akwai tazarar da har yau ba wanda ya ƙetare ta a ɗakin gwaji, kuma irin wannan zuzutawa tana rage wa ainihin abin da aka gano daraja alhali shi kaɗai ya isa abin mamaki.

Gilaisin, mafi ƙanƙanta a amino asid, wato tubalan furotin, ROSINA ta same shi a 67P an sanar a 2016, raibos an same shi a dutsen Murchison da ya faɗo a Ostireliya a 1969, an sanar a 2019, ƙurar wani dutsen sama mai suna Bennu da kumbon OSIRIS-REx ya dawo da ita a Satumba 2023 an samu amino asid 14 cikin 20 da rai ke amfani da su a cikinta. Amma a gas ɗin da ke tsakanin taurari ko gefen jarirai har yanzu ba a tabbatar da gilaisin ba, an taɓa shelar ganinsa a 2003, a 2005 wasu suka sake duba layukan suka nuna ba shi ba ne. Wahalar ita ce duk sanda molakul ya ƙara girma, hanyoyin juyawarsa suna ƙaruwa, haskensa ya rarrabu a kan dubban layuka raunana da ke nutsewa ƙarƙashin na metanol da 'yan uwansa. A cikin layi dubu 10 ɗin nan na PILS akwai da yawa da ba a san mai su ba, kuma ba laifin teleskop ba ne, zanen yatsan ne ba a auna a ƙasa ba tukuna, shi ya sa ɗakunan gwaji irin na Kolon a Jamus da Lil a Faransa suke ta auna molakul ɗaya bayan ɗaya, da nau'insu mai diyuteriyom da mai kabon 13, wato kabon mai ɗan ƙarin nauyi, duk wanda aka gama sai a koma kan bayanan B a duba ko layukansa suna ciki.